Buga bincike kan karatun yaran Aborijin

Ka ce ka tattara sakamakon jarrabawar yaran Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar Ostireliya, kana neman mujallar da za ta buga. Malam, kafin maganar mujalla, ina izini? Ƙa'idojin ɗa'a da hukumar AIATSIS, mai nazarin al'amuran 'yan asalin Ostireliya, ta fitar a 2020 sun ce dole al'ummar ta amince, ta kuma sa baki a aikin tun daga tushe. In kwamitin ɗa'a na jami'arka bai sa hannu ba, da wuya edita ya karɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne jera gazawa zalla, wai yaran sun kasa kamo 'ya'yan Turawa, alhali ba a tambayi dattawansu me suke kira ilimi ba. Gyara wannan, sannan ka gwada mujallar Australian Journal of Indigenous Education na Jami'ar Queensland. Batun wa ke da mallakar bayanan kuwa, tuntuɓi ofishin bincike na jami'arka.