Sensei a Kokoro: mugu ne ko abin tausayi?

Ka tambaya ko Sensei na littafin Kokoro, wanda marubucin Japan Natsume Soseki ya rubuta a 1914, mugu ne ko abin tausayi. Ni dai a ganina ba mugu ba ne, matsoraci ne da ya ci amana. Abokinsa K ya buɗe masa cikinsa cewa yana son 'yar matar da suke haya a gidanta. Shi ma Sensei yana sonta, amma bai faɗa ba, sai ya zagaya ya nemi aurenta wajen uwar. Ba a jima ba K ya kashe kansa. Abin da ya fi ci min rai, shi Sensei ɗin baffansa ya taɓa cinye masa gado, har ya daina yarda da kowa, sai ga shi ya yi wa amininsa irinta.

Amma kada ka yanke masa hukunci kafin ka kai kashi na uku, doguwar wasiƙar da ya rubuta wa ɗalibin da ke ba da labarin. Mutanen da na ara wa littafin, galibi a kashi na farko suke gajiya, suna ganin dattijo ne mai girman kai da ke zuwa kabari duk wata ba dalili. Wasiƙar ce ke bayyana kabarin wa ne, da yadda mutuwar Sarki Meiji na Japan a 1912 da kisan kan Janar Nogi, babban hafsan sojan sarkin, suka tura shi ga ƙarshensa. Ni tausayina ya fi karkata ga matarsa Shizu, wato 'yar mai gidan hayar nan, wadda ya bari cikin duhu, har ya roƙi ɗalibin kada ya gaya mata komai.