Tambaya da Amsa: Jan mota a baya, birkin ta gaba ya isa?

Tambaya: Salam malam, ina gaisuwa. Ni ɗan Tawa ne, Corolla ɗina ce injinta ya buga a Yamai, ina so in ɗaure ta bayan Hiace in kawo ta gida. Ƙanena ya ce turawa masu motar nan mai ɗaki da gado a ciki, in za su ja ƙaramar mota sai sun sa mata wani birki na daban. Dole ne, ko birkin babbar ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, gaskiya ƙanenka ya gaya maka. Birkin Hiace an yi shi ne don nauyinta da na kayan da ta ɗauka, kai kuma za ka ƙara mata Corolla da ta haura tan 1, to duk sanda ka taka birki ita ta bayan ba ta san ka taka ba, turo ka za ta riƙa yi, in kuma a kwana ne ko inda rairayi ya hau kwalta sai ta ture gindin motar gefe guda kana ji kana gani.

Abin da suke sawa a Amurka wani ɗan akwati ne da ake ajiyewa gaban kujerar direban ƙaramar motar, yana da hannu da ke danna birki da kansa in ya ji babbar ta rage gudu. Sannan akwai wata waya tsakanin motocin biyu, in ƙarfen ja ya tsinke sai ta fizge, birki ya kama nan take, motar ba za ta shige cikin mutane ba. Jihohi da yawa can sun wajabta birki ga abin ja da ya wuce kilo 1,360, a Faransa ma tirela in ta haura kilo 750 sai da nata birkin.

Mu nan yaro muke zaunarwa a sitiyari mu ce shi ne birkin, kuma wallahi nan ne hankalina ba ya kwanciya. In inji a kashe yake, taku biyu ko uku ne iskar da ke taimaka wa birki ta ƙare, sai ya yi tauri kamar dutse, sitiyarin ma ya yi nauyi. Na taɓa tarar da wasu a wani gangare wajen Dogondutsi, ƙaurin birki ya cika wurin, yaron da ke motar baya ya fito ƙafarsa na rawa, ana ta neman duwatsu ana tokare taya.

Tafiyarka ta fi kilomita 500 fa. Ni dai shawarata ka ɗora ta kan babbar mota, balle in otomatik ce, don jan ta a ƙasa haka zai ƙone giyar. In kuma ba yadda za ka yi, ka nemi ƙarfen ja, kada ka yarda da igiya, ka sa ƙwararren direba a baya, a murɗa makulli don kada sitiyari ya kulle, ku tafi a hankali da rana, a gangare ka sauko da ƙaramar giya. Ku tsaya a Doso da Ƙonni ku duba ƙusoshin ƙarfen, in ka ji zafi na tashi daga wilin gaba ku jira ya huce kafin ku ci gaba.