Na bar shan suga amma sugana ya ƙi sauka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, dan Allah a taimaka min da shawara. Shekarata 47, shekara uku kenan da aka ce ina da ciwon suga nau'i na biyu aka ɗora ni kan metformin safe da dare. Wallahi tun lokacin ko a shayi ban ƙara sa suga ba sai dai zuma, shinkafa ma na bar ta na koma tuwon alkama, amma duk safiya in na gwada kafin in karya sai in ga 190 wani lokacin har 230, ga fitsarin dare ga ƙishirwa ga kasala. Maganin gaskiya ba kullum nake sha ba don yana ɓata min ciki, yanzu maƙwabciyata ta kawo min wani jiƙo ta ce in ajiye na asibiti. Ya zan yi? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Lambar nan taki ta yi sama gaskiya, abin da ake so ga mai ciwon suga da safe kafin ya ci komai shi ne tsakanin 80 zuwa 130, bayan cin abinci da awa biyu kuma kar ya wuce 180. In na'urarki mai ƙananan lambobi ce to wajen 4.4 zuwa 7.2 kenan da safe, 10 bayan abinci. Fitsarin da ƙishirwar ma duk daga nan ne, in suga ya yi yawa a jini ƙoda tana zubar da shi ta fitsari ya tafi da ruwan jikinki.

To bari in fara da zumar. Hajiya zuma suga ce, jininki ba ya bambance ta da na kanti, cokali biyu a shayi ya isa ya ɗaga miki lamba. Alkama kuma ban san wa ya fara yaɗa cewa ba ta da suga ba amma kusan duk mai ciwon nan da na gani sai ya ce min ai shi alkama yake ci, alhali sitaci ce kamar masara da gero da shinkafa, tana shiga ciki ta koma suga, ɗan fifikonta kawai shi ne in an niƙa ta da dusarta tana ɗan jinkirin narkewa. Kinga in kika ci malmala uku na alkama da dare ki kwanta, wadda ta ci rabin malmalar tuwon shinkafa da miya mai yawa ta fi ki kwanciyar hankali da safe. Yawan shi ne maganar. Ki yi malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, ki cika kwanon da miyar kuɓewa ko kuka ko taushe, kwaɗon zogale ko rama, ga wake ga kifi ga ƙwai. Abin sha kuma shi ya fi saurin cutarwa, kunu, koko, fura mai suga, zoɓon sayarwa, lemon kwalba har da maltina da ake kai wa marar lafiya, waɗannan kafin ki ajiye kofi sun shiga jini.

Maganar magani ita ta fi damuna. Metformin yana ɓata ciki da farko, wannan sananne ne, shi ya sa ake cewa a sha shi a tsakiyar cin abinci ko da gamawa, kuma akwai nau'in da ke narkewa a hankali wanda ya fi sauƙi a ciki, ki gaya wa likitanki ya canza miki. Sha yau a bar gobe ba ya aiki. Jiƙon nan ki ajiye shi, ba ki san me aka zuba ba ba ki san awonsa ba, kuma ƙodar mai ciwon suga dama a wahale take. In kina shan haɗin kemis na ciwon gwiwa ko maganin ƙara ƙiba ki faɗa a asibiti, da yawa akwai dexamethasone a ciki, shi kuwa yana ɗaga suga sosai. Zazzaɓin cizon sauro ko ciwon sanyin fitsari su ma suna ɗaga shi.

Ki koma asibiti cikin satin nan a yi miki gwajin HbA1c, shi ke nuna yadda suganki ya kasance wata biyu zuwa uku baya, ga yawancin mutane ƙasa da kashi 7 ake so. In ya yi sama za a iya ƙara miki wani maganin ko ma allurar insulin, kuma kar ki tsorata, ciwon ne yake tafiya da shekaru. A duba miki ido da ƙoda da hawan jini. Tafiyar minti 30 kwana biyar a sati, ko zagayen tsakar gida ne bayan cin abinci yana taimakawa, ki riƙa duba ƙafarki kullum kuma banda yawo ba takalmi.

Ranar da kika ga lamba ta haura 300 ga amai ko jiri ko barci mai nauyi, ko na'urar ta rubuta HI, wato sugan ya yi yawa har ya wuce abin da take iya aunawa, kar ki jira gari ya waye, a kai ki asibiti a daren.