Filin Tambaya da Amsa: Kowa Ya Ce Ba Shi Ya Taɓa Kwamfutar Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon sayar da kayan masarufi a kan sari kusa da Kasuwar Dole, muna aiki da kwamfuta huɗu da manhajar lissafin kaya da fitar da rasit. Ranar Laraba da yamma mai gyara ya zo ya ce zai sabunta manhajar. Washegari Alhamis, ga masu saye sun cika shago, rasit ya ƙi fita a kwamfuta biyu, ɗaya kuma ta dawo da tsohon farashin shinkafa da mai. Mai gyara ya rantse cewa sabuntawa kaɗai ya yi, yaran shago ma kowa ya ce ba shi ba ne. Shin in hana kowace irin sabuntawa ne in huta? (Wani ɗan kasuwa, unguwar Zango, Damagaram)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kada ka hana, kuma kada ka yi saurin ƙaryata mai gyaran, domin mai yiwuwa ne iya abin da ya sani ke nan ya faɗa maka. Kowace manhaja tana tafiya ne da saitunanta, wato sunan na'urar da za ta buga rasit, da adireshin babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan kaya, da teburin farashin da za ta duba. Sau da yawa idan aka ɗora sabuwar siga, saitunan nan sukan koma yadda kamfani ya fito da su ba tare da wani ya ba da umurni ba. Alamun da ka zayyana sun fi kama da haka: kwamfuta biyu sun manta da na'urar buga rasit, ta ukun kuma ta koma tana karanta wani tsohon kwafin bayanai da ke cikinta maimakon na babbar kwamfuta. Abin da ya sa gardama ta ƙi ƙarewa a shagonka shi ne babu takardar da ta nuna yadda saitunan suke ranar Talata, saboda haka ba a da abin da za a kwatanta na Alhamis da shi.

Hana sabuntawa kuwa yana da nasa tsadar. A ranar 14 ga Maris 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran wata kafar tsaro da ke cikin Windows, amma ma'aikatu da yawa ba su ɗora shi ba. Ranar 12 ga Mayu na shekarar, muguwar manhajar nan ta WannaCry ta bi ta wannan kafa ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnatin Ingila suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Gyaran ya yi kusan wata biyu yana jiran a ɗora shi. Ka kuma sani cewa tun ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, don haka in ita ce a kwamfutocinka, akwai wani babban canji da ke gabanka, kuma gara ka shirya masa da kanka.

Abin da nake ba ka shawara ka fara da shi bai wuce littafin rubutu mai kauri da biro ba. Na tabbata buhu ɗaya ba ya fita daga sitonka sai an rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka. Haka ya kamata a riƙe kwamfutocin. A shafukan farko, mai gyara ya zauna ya rubuta halin da kowace kwamfuta take ciki yau: wace Windows ce, wace siga ce ta manhajar lissafi, wace na'urar buga rasit aka haɗa mata, ina take karanta farashi. A ɗauki hoton kowane shafin saituna da waya, a buga a manna a ciki. A liƙa wa kowace kwamfuta lamba a jikinta, domin "ta bakin ƙofa" tana iya komawa ciki gobe. Daga nan, duk wanda zai canza wani abu, ko da kai ne, sai ya rubuta kafin ya taɓa. Ga irin yadda layi ɗaya zai kasance: "Asabar da safe. Kwamfuta ta 2. Za a ɗaga manhajar lissafi daga siga 4.1 zuwa 4.2 domin gyaran kuskuren jimilla. An kwafi bayanai da saituna a filashi ja. In ta ƙi, za a cire 4.2 a mayar da 4.1 da ke cikin filashin. Alhaji ya amince." Sannan mai gyara ya sa hannu, bayan an gama ya ƙara rubuta abin da aka gani. Jimlar da ta fi kowace muhimmanci a nan ita ce mai farawa da "in ta ƙi". Mai gyaran da bai iya gaya maka yadda zai koma baya ba, bai shirya fara aikin ba tukuna.

Sai maganar gwaji. Kada a sake sabunta kwamfuta huɗu a zama ɗaya. A fara da wadda ta fi ƙarancin aiki, a buga rasit na gwaji, a duba farashin kaya biyar ko shida da ka haddace, a bar ta ta yi aikin yini guda, sannan a bi sauran. Manyan kamfanoni ma sun sha wuya a kan wannan. Da asubahin 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya aika wani ƙaramin fayil mai kuskure zuwa ga abokan cinikinsa gaba ɗaya. Ya janye shi bayan minti 78, amma kafin nan ɓarna ta auku: Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne suka tsaya, jiragen sama dubbai ba su tashi ba, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu aka goge fayil ɗin. Daga cikin alƙawuran da kamfanin ya yi bayan haka akwai cewa zai riƙa sakin irin wannan fayil kashi-kashi, ya ga yadda ƴan kaɗan suka karɓe shi kafin ya kai ga kowa.

Amma idan aka fara bi ɗaya-ɗaya, dole a tabbatar an kai ƙarshe, a nan ma littafin ne zai yi maka aiki. A ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyan 400 cikin kimanin minti 45, saboda ma'aikacin da ya ɗora sabuwar manhaja a manyan kwamfutoci takwas ya tsallake ɗaya, kuma ba a sa wani na biyu ya duba aikinsa ba. Ta takwas ɗin ta ci gaba da aiki da wani tsohon umurni, tana saye da sayarwa ba kan gado. Kwamfutarka da ta dawo da tsohon farashin shinkafa ƙaramin misalin wannan ce, sai dai kai Allah ya sa an gani da wuri.

Lokacin da aka zaɓa ma kuskure ne. Ba a taɓa manhajar shago a jajibirin ranar kasuwa, ko a goman ƙarshe na azumi, ko da yamma lokacin da mai gyara ke shirin tafiya gida. A yi da safe a ranar da ciniki ya yi sauƙi, shi kuma ya zauna har an sayar wa mutum na farko. A tabbatar akwai batiri ko wutar sola da za ta riƙe kwamfutar, musamman a watannin zafi, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar sabuntawa tana iya lalata bayanan gaba ɗaya. A ƙarshe, kalmar sirrin da ke ba da ikon canza saituna ta tsaya a hannunka da mai gyara. Yaran shago a buɗe wa kowa nasa asusun na sayarwa kawai. Wannan kariya ce gare su, domin wanda ba shi da ikon taɓawa ba za a zarge shi ba.

Tambaya: Malam, mu uku ne, ɗalibai a Jami'ar André Salifou, muna rubuta manhajar rajistar ɗalibai domin wata makaranta mai zaman kanta. Muna tura wa juna fayiloli ta WhatsApp, har mun kai ga masu suna "na ƙarshe", "na ƙarshe 2" da "na ƙarshe na gaskiya". Kwanan nan aikin da na yi ya ɓace saboda abokin aikina ya ɗora nasa a kai. Mene ne mafita? (Wata ɗaliba)

Amsa: Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mafitar ita ce Git, wata manhaja mai adana tarihin duk canjin da aka yi wa fayiloli, kuma kyauta ce. Linus Torvalds, ɗan asalin Finland wanda ya ƙirƙiro Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, shi ya rubuta ta a 2005, kuma a yau ita ce mafi yawan masu rubuta manhaja suke amfani da ita. Matsalar taku ta girme ku nesa ba kusa ba, domin tun 1972 Marc Rochkind ya rubuta wata manhaja mai suna SCCS a cibiyar bincike ta Bell Labs saboda irin wannan ruɗani.

Aikin Git shi ne, duk lokacin da kika kammala wani ɗan gyara mai ma'ana, sai ki adana shi tare da taƙaitaccen bayani, ita kuma ta riƙe sunanki da lokacin da kika yi da ainihin layukan da suka canza. Fayil ɗaya ne ke gabanki, amma duk tarihinsa yana nan, kina iya komawa yadda yake makon jiya. Kowannenku ya buɗe nasa reshe, wato nasa kwafin aikin a cikin Git, ya yi aikinsa a ciki, idan ya gama a haɗa da babban reshe. In ku biyu kuka taɓa layi ɗaya, Git za ta tsaya ta nuna muku wurin, ku zaɓa da kanku, maimakon na baya ya shafe na gaba a ɓoye kamar yadda ya faru da ke. Wani abin da ya dace da halinmu a nan shi ne dukan tarihin yana cikin kwamfutar kowannenku, don haka ana aiki ko babu intanet, sai lokacin da za a tura zuwa GitHub ko GitLab, shafukan intanet da ake ajiye aikin kowa ya samu, kaɗai ake buƙatar layi, kuma abin da ya canza ne kawai ke tafiya.

Abubuwa biyu zan ja muku kunne a kansu. Bayanin da ake rubutawa ya faɗi dalili; "an gyara" ba ya amfanin kowa bayan wata uku, amma "an hana rajistar ɗalibi ɗaya sau biyu a aji guda" yana yi. Na biyun ya fi nauyi: kada kalmar sirrin rumbun bayanai ko sunayen ƴaƴan mutane su shiga Git. Ko an goge su daga baya suna nan cikin tarihi, kuma in kalmar sirri ta riga ta shiga, maganinta a canza ta nan take. Saitunan da suka bambanta tsakanin kwamfutarki da ta makarantar a ware su a fayil na daban. Ranar da kuka miƙa wa makarantar manhajar, ku sa wa wannan siga lamba a cikin Git, domin idan daraktan ya kira ya ce wani abu ya lalace, ku san ainihin abin da ke hannunsa.

Tambaya: Ni ke kula da kwamfutocin wata ƙungiya a nan Damagaram. An kafa mana dokar cewa kowane canji sai shugabanni uku sun sa hannu, ko da buɗe wa sabon ma'aikaci asusu ne. Wani lokaci sai a yi mako ana jiran wanda ya tafi Yamai. Wannan ba ɓata lokaci ba ne? (Wani ma'aikaci)

Amsa: Malam, a yadda kuke yi ɗin nan, ɓata lokaci ne, kuma yana da haɗari, domin dokar da ta yi tsauri fiye da kima takan koya wa ma'aikata yin aiki ta bayan fage ba tare da rubutawa ba. Tsarin kula da ayyukan kwamfuta na ITIL, wanda gwamnatin Birtaniya ta fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1980 kuma ma'aikatu da dama a duniya suke bi, ya kasa canji gida uku. Akwai na yau da kullum mai ƙaramin haɗari, irin buɗe asusu, wanda ake amincewa da hanyar yin sa sau ɗaya, daga nan ka riƙa yi kana rubutawa. Akwai wanda sai an auna haɗarinsa an tsayar masa da rana, irin sauya babbar kwamfuta ko manhajar albashi. Nan ne sa hannun shugabanni yake da amfani. Sai na gaggawa, idan aiki ya tsaya cik ko an gano kafar tsaro, wanda mutum ɗaya da aka naɗa zai iya amincewa da shi ko ta waya, a cike takarda daga baya.

Sai dai kada kalmar "na yau da kullum" ta sa ka saki jiki. Ranar 4 ga Oktoba 2021 da la'asar, lokacin da WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke na kusan awa shida, kamfanin da ya mallake su ya bayyana cewa wani umurni ne da aka bayar yayin aikin kulawa da aka saba yi ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyin bayanansa, kuma manhajar da ya kamata ta tare irin wannan umurni ita ma tana da kuskure. Saboda haka, ka rubuta jerin ayyukan da kake yi kowane mako, ka kai wa shugabannin su amince da su gaba ɗaya a zama guda, amma duk abin da ya shafi hanyar sadarwar ofis ko rumbun bayanai ka cire shi daga jerin, ka kuma nemi a naɗa wanda zai riƙa sa hannu idan ɗayansu ya yi tafiya.