Kada a Yi Sutura Kafin 'Yan Sanda Su Ga Gawar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ku yi wa yayanku sutura nan take, bayan an tsinci gawarsa a shagonsa da ke Tsohuwar Kasuwa, alhali kuna zargin abokin kasuwancinsa da ya riƙe masa kuɗi. Allah ya gafarta masa. A'a, ku fara kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada kuma a wanke gawar ko a share shagon, domin batun kisan kai ba ya ƙarewa a hannun DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yanki, miƙa shi ake yi ga Sashen Binciken Manyan Laifuka na rundunar Jihar Sakkwato.

Gaskiya ne addini ya kwaɗaitar da gaggauta binne mamaci, dattawan gida ma za su matsa muku, amma rahoton likita kan musabbabin mutuwa yana da nauyi ƙwarai a gaban alƙali. Na ga shari'ar da ta yi rauni saboda an wanke rigar mamaci mai jini, an shanya ta a tsakar gida tun kafin masu bincike su iso. Wayarsa da littafin da yake rubuta bashi kuwa, ku miƙa su yadda suke, ba tare da kun tunkari wanda kuke zargi ba.