Babba juji ne: amsar tambayar ɗan ƙanina

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin tambayar. Ka ce ku da abokanka a Samaru kuna ta musu: me ke sa a ce wa shugaba babba a al'adarmu? Wasunku sun ce kyauta ce, tun da duk wanda ake wa kirari za ka iske mai sakin hannu ne. Kai kuma ka ce yawan durƙuso da "ranka ya daɗe" su suka lalata mana shugabanni. Zauna ka ji.

Mu a gidajenmu, abin da aka fara koya mana game da girma shi ne "babba juji ne, kowa ya kwaso shara sai ya zuba." Kada ka ɗauke shi wasa. Mai unguwa ne, dagaci ne, hakimi ne ko sarki, aikinsa na fari shi ne ya zauna a zaure a same shi. Matar da aka hana wa gadon mijinta za ta zo, manomin da shanu suka shiga wa gona zai zo, har mahaukacin gari zai zo ya faɗi tasa, kuma dole a saurare su. Wanda ba a iya kaiwa gare shi, ko da rawaninsa ya kai ina, ba mu ce masa babba ba.

Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera laifuffukan sarakunan zamaninsa, har da rufe ƙofa ga mabukata, da karɓar gaisuwa kafin a dubi kukan mutum, da ɗora wa talakawa haraji irin su jangali ba bisa shari'a ba. Har zuba ƙasa a ka lokacin gaida sarki ya hana. To ka ga ƙorafinka a kan durƙuso yana da asali, sai dai ka bambanta: ladabi ga na gaba tarbiyya ce, ƙasƙantar da kai don neman abin hannunsa kuwa shi malamai suka yaƙa. Shehun ne kuma ya kawo maganar nan da ka sha ji a wa'azi, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci.

Dubi tsarin Zazzau kanta. Gidaje huɗu ke sarauta: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Ba wanda ake haifa da tabbacin gado, sai masu zaɓen sarki sun zauna, kuma a cikinsu akwai Limamin Juma'a da Limamin Kona. Ka tambayi kanka, me ya sa aka sa malamai a wurin? Don a sami wanda zai dubi mai mulki ido da ido ya ce masa nan ka kauce. A nan ne nake ganin 'yan siyasar yau suka fi rauni. Sun kewaye kansu da 'yan "haka ne ranka ya daɗe", duk wanda ya faɗi gaskiya sai a ce ɗan adawa ne, a yanke masa hanya. Ba gaisuwar ce ta ɓata su ba, ɗana, rashin mai ce musu a'a ne.

Sarkin Zazzau Ja'afaru ɗan Isiyaku ya yi mulki daga 1937 zuwa 1959. Ka shiga birni ka zauna da tsofaffin da suka riski iyayen wancan zamani, abin da za su fara ambata a kansa shi ne adalci da tsare gaskiya. Ba za ka ji suna lissafa maka riguna da dawakin da ya raba ba.

Batun kyauta kuwa, gaskiya ne Bahaushe ba ya son marowaci, kuma shugaban da hannunsa ya bushe ba ya tara jama'a. Amma da aljihun wa aka yi kyautar? Wanda ya ɗebi kuɗin asibiti da na makaranta ya sayo shinkafa da atamfa ya raba ana saura kwana kaɗan zaɓe, wallahi bai yi kyauta ba, haƙƙinku ya tsakuro ya miƙo muku, ku kuma kuna godiya. Abin yana ci mini rai, domin na ga dattawa masu furfura a layi ana turereniya a kan mudu biyu. Maroƙi zai yi masa kirari, wannan sana'arsa ce, kada ka ɗauki kirari a matsayin shaida.

Ga inda kake karatu. Sardauna Ahmadu Bello ya kafa jami'ar nan ta Zariya mai ɗauke da sunansa a 1962, aka kashe shi a watan Janairun 1966, bai ga mafi yawan 'ya'yan talakawan da suka fito daga cikinta suka zama likitoci da injiniyoyi ba. Shuka ya yi wadda ya san wasu za su ci. Amma ba zan ɓoye maka ba, a zamaninsa ne kuma 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Sabon Garin nan tamu, ta sha shiga kurkuku saboda ta tsaya a kan 'yancin mata da talakawa, yau ga babban asibitin Ƙofar Gayan yana ɗauke da sunanta. Malam Aminu Kano bai taɓa zama gwamna ko shugaban ƙasa ba har ya rasu a 1983, amma har gobe duk mai neman ƙuri'ar talaka a Arewa sai ya jingina da sunansa. Mutanen nan ba duka suka jitu a siyasa ba, kowannensu kuma ɗan Adam ne mai kuskure, sai dai ba wanda ake tunawa da shi saboda dukiyar da ya tara wa kansa.

Saboda haka idan masu neman kujera suka fara zagayowa, ka gaishe su da ladabi yadda aka koya maka, ba na son in ji an ce ɗan gidanmu ya zagi babba. Bayan gaisuwa sai ka bincika: kafin takara, ana samunsa a ƙofar gidansa? Da ɗan'uwansa ya ci zalin wani, ɓangaren wa ya bi? Wa ke kusa da shi da zai iya tsawata masa? Mutanen unguwarsu sun fi kowa sanin amsa, su za ka tambaya, ba masu manna hotunansa ba.

Idan an yi hutu ka biyo ta gida, in kai ka wurin wani dattijo a Unguwar Juma da ya yi aiki a En'e, ka ji sauran daga bakinsa. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka. Allah Ya yi maka albarka.