Tambaya da Amsa: Me ya hana a shure 'yar tsanar nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai ɗinki ce a Aboabo, nan Kumasi. Yarana sun kamu da kallon finafinan 'yar tsana mai kisa, su Chucky da Annabelle, a wayar yayansu. Na zauna na kalli biyu tare da su, na ga kamar labari ɗaya ake ta juyawa. Abin da ya ɗaure mini kai, yaya ƙato zai kasa da abin da bai kai gwiwarsa ba? Me ya hana ya sa ƙafa ya shure ta? Kuma autata ta ji wai na Annabelle gaskiya ne, yanzu ko tata 'yar tsanar ba ta yarda ta kwana a ɗaki.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yara.

Maganar shurin nan ita ce ciwon kan duk mai rubuta irin wannan fim. Ya san mai kallo ya san babba zai iya ɗaga abin da hannu ɗaya ya wurga shi kwata. Don haka yawancin abin da kika ga ana maimaitawa dabara ce ta jan lokaci, kada babba ya tsaya gaba da gaba da ita, yana sane da ko mece ce, sai fim ya kusa ƙarewa.

Ki lura da yadda take shiga gida. Ba ta haura katanga, da hannu bibbiyu ake shigo da ita. A Child's Play na 1988, inda Chucky ya fara fitowa, wata mata ce da mijinta ya rasu, tana aikin kanti a Chicago, kuɗinta bai kai na sabuwa ba, sai ta saya wa ɗanta a hannun wani mai talla a lungu. A Annabelle na 2014 miji ne ya kawo wa matarsa mai ciki tsaraba. A fim ɗin M3GAN, ƙanwar uwa ce injiniya ta ɗauki marainiya, aiki ya hana ta zama da ita, sai ta haɗa ta da mutum-mutumin da ta ƙera. Wanda ya kawo kyauta ba ya saurin yarda cewa kyautarsa annoba ce.

Sai mai shaidar da ba a karɓar maganarsa. Nan ne ƙarfin waɗannan finafinai yake, ba a wuƙa ba. Wanda ya fara sanin gaskiya kusan kullum yaro ne, ko mace mai jego, ko wanda dama ana zargin kansa ba daidai ba. Andy, yaron da aka saya wa Chucky, ɗan shekara 6 ne. Da ƙawar uwarsa ta faɗo ta taga ta mutu, ɗan sanda ya ga sawun ƙananan ƙafafu a cikin garin fulawa a kan teburin girki, zarginsa ya tafi kan yaron. Yaro ya ce Chucky ne, aka ce ƙuruciya. Ya nace, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. Ita kuwa 'yar tsanar tana zaune a kujera tana murmushin da aka ƙera ta da shi. Duk wanda ya taɓa faɗin gaskiya yana ƙarami aka ce masa "rufe mana baki" ya san zafin wannan, shi ya sa yara ke manne wa fim ɗin fiye da manya. Babban kuma yana da nasa ɗaurin: wane magidanci ne zai je caji ofis ya ce abin wasan ɗansa na neman ransa? Kunya ta riƙe shi kafin 'yar tsana ta taɓa shi.

A ganina babu wurin da ya kai na batir a dukan wannan nau'i. Uwar Andy ta dawo gida ita kaɗai, ta ɗauki kwalin da Chucky ya zo a ciki za ta yar, sai batir ya faɗo ƙasa, sabo fil, ba a taɓa sa shi ba. Ta juya abin, ta buɗe murfin bayansa, wayam. Kwana da kwanaki yana magana ba batir. Ba a zubar da ɗigon jini ba a wurin, amma nan ne tsikar jiki ke tashi.

Dabara ta gaba ta kyamara ce. A farkon fim ba a nuna miki tana tafiya. Za ki ji takun ƙananan ƙafa, a sauke kyamara ƙasa daidai tsayinta, ko a bar ta a kujera a dawo a same ta bakin ƙofa. Annabelle ma kusan ba ta motsi a idon mai kallo. Akwai dalilin aiki: a 1988 sai mutane da yawa sun taru suna sarrafa fuskar Chucky da hannuwansa da na'ura, wasu wuraren kuma wani gajeren ɗan wasa, Ed Gale, ke sa kayan. Akwai kuma dalilin zuciya. Wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya rubuta a 1970 cewa abu yakan ƙara shiga rai gwargwadon kamarsa da mutum, amma idan ya kusa zama mutum sak bai kai ba, sai sha'awa ta koma tsoro. Kin san wannan a shagonki: mutum-mutumin da kike rataya wa kaba da rana kayan aiki ne, amma ki shigo da dare an ɗauke wuta ki haska shi da tocila.

Abin da ke ba ta rai yana sauyawa da tsoron zamani. A tsofaffi, kamar Dead of Night na Ingila a 1945 da Magic na 1978 wanda Anthony Hopkins ya fito, mai wasa da 'yar tsanar ne hankalinsa ya rabu biyu. A Chucky ruhun wani makashi ne, Charles Lee Ray, ya shiga roba ta hanyar tsafi. A Annabelle shaiɗani ne. Da aka sake Child's Play a 2019 sai aka cire tsafin aka sa kwamfuta da intanet, haka ma M3GAN. Ɓangaren tsafin nan ragwancin marubuta ne. Damballa da Chucky ke kira a tsafinsa suna ne daga addinin Bodu na Haiti, mai tushe a Dahomey, Benin ta yau, aka tsinto shi don kawai yana da baƙon amo a kunnen Ba'amurke. A nan Asante kuwa akuaba, 'yar itacen nan mai faffaɗan kai, mai neman haihuwa ce ke goya ta.

Ƙarshen kuma kin gan shi: a ƙone, a harbe, a daddatsa, ido ya sake buɗewa. Wannan ciniki ne, ana barin ƙofa don kashi na biyu. Amma da zarar an saba ganinta tana gudu da wuƙa, tambayarki ta shuri sai ta dawo, shi ya sa daga Bride of Chucky na 1998 masu fim ɗin suka karkata ga barkwanci.

Batun Annabelle, akwai wata 'yar tsana da wasu ma'aurata, Ed da Lorraine Warren, suka ajiye cikin akwatin gilashi a gidansu a jihar Connecticut. Ta tsumma ce, irin Raggedy Ann da ake sayarwa a kanti, mai gashin jan zare. Labarin motsinta daga bakinsu ya fito, ba wata hujja bayan wannan. Mummunar fuskar da autarki ta gani masu fim ne suka ƙera ta, labarin na 2014 kuma ƙagagge ne.

A Amurka an sa wa Child's Play da Annabelle alamar R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga silima sai da babba, don haka ki ja kunnen yayan. Ita kuma kada a yi mata dariya, kada a tilasta ta. Ki nemo mata bidiyon yadda ake sarrafa Chucky a bayan fage a YouTube ku kalla da rana, sannan ki ba ta almakashi ta farke ɗinkin bayan tata 'yar tsanar, ta ciro audugar da hannunta, ku mayar ku ɗinke tare.